Yadda Injin Ƙanƙara Ya Ke Ratso Teku Har Ya Iso Sakkwato

Zafin Sakkwato ba ya bukatar a ba kowa labarinsa. Daga watan Maris zuwa Mayu awon zafi ya kan haura digiri 40 da rana. A irin wannan lokaci kifin da aka kama da asuba a Gulbin Rima ko a dam ɗin Goronyo, in bai sami mai saye da wuri ba, sai dai a yi bandarsa ko kuwa a sayar da shi a kan hasara. Haka madarar da aka tatsa da safe, haka naman da ya yi kwantai a Kasuwar Daji. Ba rashin kyaun kaya ke jawo wannan hasara ba, rashin sanyi ne.

Saboda haka 'yan kasuwa da ƙungiyoyin gama kai su kan yi shawarar sayen injin yin ƙanƙara. Akwai masu haɗa ƙananan injuna a cikin ƙasar nan, amma manya waɗanda ke fid da ton biyu ko biyar ko goma a yini, galibi daga ƙetare a ke kawo su cikin jirgin ruwa. To, tsakanin masana'antar da ta ƙera inji da rumfar da za a kafa shi a Sakkwato akwai doguwar hanya, kowane zango kuwa da abin da ya ke ci. Ga bayaninta daki daki.

AMFANIN ƘANƘARA GA MANOMI

Abin da ke ɓata kifi da nama da madara wasu ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani. Zafi ya kan sa su hayayyafa da sauri, sanyi kuwa ya kan daƙushe su. Ƙarfin ƙanƙara yana cikin narkewarta ne. Zafin da kilo ɗaya na ƙanƙara ya ke sha kafin ya narke ƙaf, daidai ya ke da zafin da zai ɗaga kilo ɗaya na ruwa daga sifiri zuwa digiri 80. Duk wannan zafi daga jikin kifin a ke zuƙe shi. A ƙasashen zafi a kan sa kilo ɗaya na ƙanƙara ga kilo ɗaya na kifi, a jera su hawa hawa cikin akwati mai murfi, a bar wa ruwa mafita. Kifin da ba zai kwana ba, ta haka ya kan yi mako guda ko fiye da kyaunsa, muddin ana ƙara ƙanƙara.

Makiyaya su ma suna da rabo. Yawancin alluran rigakafin dabbobi, irin waɗanda a ke yi a Vom, suna son a ajiye su tsakanin digiri 2 da 8. In suka sha zafi a hanya, sai a yi wa garke allura a banza. Babban gangamin yaƙi da ciwon bushiya wanda aka fara a 1962 a Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru, cikin akwatunan sanyi aka riƙa kai allurarsa ruga ruga. A 2011 aka ba da sanarwa cewa bushiya ta ƙare a duniya.

Amma fa ba kowane amfanin gona ke son ƙanƙara ba. Albasa iska da bushewa ta ke so, rudu ya fi mata. Tumatir kuma yana son ɗan sanyi sanyi ne kawai, in aka danna shi kan ƙanƙara sai ya yi laushi ya rasa ɗanɗano. Kada wani ya ci bashi ya sayi inji da nufin adana albasa.

DA CAN ƘANƘARAR A KE ƊAUKOWA

Kafin a ƙago inji, ƙanƙarar kanta a ke lodawa a jirgi. Wani ɗan kasuwa na birnin Boston a Amurka, Frederic Tudor, ya fara a 1806. Sai a sassare ƙanƙarar tafkuna da hunturu, a lulluɓe ta da garin katako, a kai ƙasashen zafi. A 1833 ya aika ton 180 zuwa Kalkata a Indiya. Jirgin ya yi wata huɗu a teku, ya isa da wajen ton 100, saura ta narke. Daga baya wani Bajamushe, Carl von Linde, ya fito da injin sanyi mai aiki da iskar amoniya a 1876. Sannu a hankali sai cinikin ya juya. Maimakon a ɗauko ƙanƙara daga nesa, sai a ɗauko inji sau ɗaya, a riƙa yin ƙanƙara a gida.

ZAƁEN INJI TUN KAFIN A BIYA

Injin ƙanƙara iri iri ne. Akwai mai fid da bulo, akwai mai fid da ɓarzajjiya. Ɓarzajjiya ta fi saurin sanyaya kifi, amma ta fi saurin narkewa. Bulo ya fi jure tafiya, shi ya sa ya fi dacewa da wanda zai aika ƙauyuka irin su Wurno da Kware da Gwadabawa. Mai bulo yana da babban kwarmi cike da ruwan gishiri wanda inji ke sanyayawa har ƙasa da sifiri. Cikinsa a ke jera gwangwanaye cike da ruwa mai tsabta, su daskare. Bulo mai kilo 25 ya kan ɗauki rabin yini zuwa yini guda.

Lissafin mai sauƙi ne. Ton ɗaya bulo 40 ke nan masu kilo 25, ruwansa kuwa lita 1,000, watau duro biyar, ban da na wanki da wanda zai zube. Mai son inji na ton biyar sai ya fara tambayar kansa ko rijiyarsa za ta ba da duro ashirin da biyar kullum cikin bazara.

Akwai abubuwa huɗu da lalle a rubuta su cikin takardar ciniki. Na fari, zafin ƙasa. Adadin da masana'anta ta rubuta jikin inji, a wuri mai ɗan sanyi aka gwada shi. A Sakkwato cikin Afrilu ba zai kai haka ba, sai an gaya musu tun farko su ƙara girman abin da ke fid da zafi waje. A kuma gaya musu akwai ƙurar hunturu wadda ke toshe shi. Na biyu, irin wuta. Wutar Nijeriya tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka sau 60, injin da aka yi don waccan ba zai yi daidai a nan ba. Manyan injuna kuma wuta mai layi uku su ke bukata. Na uku, irin iskar da ke sanyayawa. Tun yarjejeniyar da ƙasashe suka ƙulla a Montiriyal a 1987 a ke janye wasu iri a hankali, har da wadda a ke kira R22. Wanda ya sayi inji mai wannan iska don arha, wata rana zai neme ta ya rasa, ko ya saye ta da tsada. Araha ba ta ado. Na huɗu, kayan gyara. A sa su cikin lodi ɗaya da inji, gama ƙaramin ƙarfe ɗaya ya kan tsai da aiki wata guda in sai an aika ƙetare.

Har wa yau kada a yi cinikin biri a sama. Kafin a biya cikon kuɗi, a sami amintaccen mutum ko kamfanin duba kaya ya je masana'antar, a ta da injin a gabansa, ya ga ƙanƙara ta fito.

TAKARDU KAFIN LODI

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a loda kaya tukuna sa'an nan a nemi takarda. Ƙa'ida ita ce mai shigo da kaya ya je bankinsa ya cika takardar da a ke kira Form M tun kaya ba su hau jirgi ba. Za a nemi lambarsa ta biyan haraji, da takardar farashi daga masana'anta, da shaidar inshora. Inshorar kuwa a kamfanin cikin gida a ke yin ta. Akwai kuma takardar SONCAP, wadda ke shaida cewa kayan sun cika ƙa'idar hukumar kula da ingancin kaya ta Nijeriya. A can ƙasar da za a yi lodi a ke fara neman ta, ba bayan kaya sun iso ba.

Wajen farashi akawu ya lura da haruffa ukun da ke biye da kuɗin. In an rubuta EXW, farashin bakin ƙofar masana'anta ke nan, duk sauran ɗawainiya ta mai saye ce. In FOB ne, mai sayarwa zai kai kaya har cikin jirgi a tasharsu, kuɗin teku na mai saye. In CFR ne, an haɗa da kuɗin jirgi har Ikko. Amma ko a wannan, da zarar kaya sun hau jirgi, in wani abu ya same su hasarar mai saye ce. Farashi biyu ba su kwatantuwa sai haruffansu sun zama ɗaya.

Batun inshora ba abin wasa ba ne. Akwai wata tsohuwar dokar teku wadda mutanen tudu ba su cika sani ba. In jirgi ya shiga hatsari, ko gobara ta tashi, aka zubar da kayan wasu ko aka kashe kuɗi don a ceci jirgin, to, duk mai kaya a ciki sai ya biya rabonsa na hasarar, ko da nasa kayan ba abin da ya taɓa su. Ba kuwa za a sakar masa kaya ba sai ya ba da jingina. Mai inshora kamfani ne zai tsaya masa. Marar inshora daga aljihunsa.

CIKIN KWANTENA, BISA TEKU

Yanzu kusan duk irin waɗannan kaya cikin kwantena su ke zuwa, watau babban akwatin ƙarfe. Wani Ba'amurke mai motocin dako, Malcom McLean, shi ya fito da wannan dabara a 1956, sa'ad da ya loda akwati 58 a jirgi ɗaya. Akwai mai tsawon ƙafa 20, akwai mai ƙafa 40. Ƙaramin inji ana iya haɗa shi da kayan wasu cikin kwantena ɗaya, a biya gwargwadon wurin da ya ci. Wannan ya fi arha, amma ya fi jinkiri, kuma hannuwa sun fi yawa a kansa. Akwai kuma injin da a ke ginawa cikin kwantena ɗungum, ya zo a shirye, a sauke a ja masa ruwa da wuta. A irin wannan akwatin na mai saye ne, ba za a mayar ba.

Iskar teku gishiri gare ta, cikin kwantena kuma raɓa ta kan taru ta ɗiga. Don haka a nemi a naɗe injin da leda, a sa maganin laima, a ɗaure shi da ƙarfi kada ya motsa sa'ad da jirgi ke tangaɗi. Katakon da aka yi akwati da shi kuma a tabbata an gasa shi ko an yi masa feshi an buga masa tambari, don kada a shigo da ƙwarin da za su addabi itatuwa. Bayan an rufe a kan sa wa ƙofar wani ƙarfe mai lamba. A rubuta lambar, a duba ta ran da za a buɗe.

Jirgin da ya taso daga kudancin Sin ya kan bi ta Singafo, ya ratsa Tekun Indiya, ya kewayo ƙarshen Afirka ta Kudu, sa'an nan ya hauro Tekun Atilantika. Tafiyar ta kan wuce wata guda, wani lokaci har wata ɗaya da rabi, musamman in an sauke kwantena a Lome ko Tema don a sake mata jirgi. Wanda ya taso daga Italiya ko Turkiyya ta Bahar Rum ya ke fitowa, ya gangaro ta Dakar da Abijan, ya fi kusa.

Sa'ad da aka yi lodi kamfanin jirgi ya kan ba da takardar shaidar lodi. Wannan takarda ita ce kayan. Wanda sunansa ke kai, shi za a ba. A duba suna da lamba da nauyi harafi harafi, gama gyaran kuskure bayan jirgi ya iso kuɗi ne da ɓata lokaci.

A BAKIN TEKU

A Ikko akwai tashoshi uku: Apapa, da Tin Can wadda aka buɗe a 1977, da Lekki wadda ta fara aiki a 2023. Akwai kuma Onne kusa da Fatakwal. Kafin jirgi ya iso, banki ya kan tura takardu ga kwastan, su fid da takardar ƙiyasi mai suna PAAR. Kayan sanyi suna ƙarƙashin lamba 8418 a littafin kuɗin fito. A kan darajar kaya haɗe da kuɗin jirgi da inshora a ke lissafa kuɗin fito, sa'an nan a ɗora sauran haraji. Da ya ke da dala a ke ƙiyasta darajar, in Naira ta faɗi sa'ad da kaya ke teku, abin da za a biya yana iya ƙaruwa. Mai hankali ya kan ajiye wani abu a gefe saboda haka.

A nan ne jinkiri ke cin mutum. Kamfanin jirgi ya kan ba da 'yan kwanaki kyauta, daga nan kowace rana da kuɗinta. Masu filin tasha su ma suna lissafa nasu kuɗin ajiya dabam. In aka bar kaya har wa'adi ya wuce, kwastan suna da iko su yi gwanjonsu. Saboda haka a nemi wakilin fito da kaya mai lasin tun jirgi yana teku, a kuma karɓi rasit na kowane kobo. Duk wanda ya ce zai rage kuɗin fito ta hanyar sake wa kaya suna, a guje shi. Akwai shingen kwastan a hanya, in suka kama, mai kaya ne zai amsa.

DAGA IKKO ZUWA SAKKWATO

Jirgin ƙasa bai taɓa isowa birnin Sakkwato ba. Reshen da ya taso daga Zariya ya bi ta Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929. A zamanin da a ke fitar da gyaɗa da auduga da fatun jar akuya, sai an kai su can kafin su hau dogo. Yau ma mota ce. Tirela ta kan bi ta Ibadan da Ilori da Jebba da Mokwa da Kwantagora da Yawuri da Jega da Tambuwal, tafiyar wajen kilomita dubu. A 2024 aka fara gina sabuwar babbar hanya daga Illela zuwa Badagiri. Akwai kuma tashoshin tudu da aka buɗe a Kaduna a 2018, da Dala ta Kano a 2023, da Funtuwa a 2024, inda a ke iya biyan kuɗin fito a Arewa. Wanda ke son haka sai a rubuta sunan tashar cikin takardun tun daga farko.

Wasu su kan yi sha'awar sauke kaya a Kwatano, su bi ta Gaya da Birnin Ƙonni su shigo ta Illela. Sai dai a tuna cewa Nijeriya ta rufe iyakokinta na tudu daga Agusta 2019 har Disamba 2020, kuma an sake rufe na Nijar bayan juyin mulkin 2023. Injin da ya maƙale a bakin iyaka ba ya yin ƙanƙara. Kuɗin fiton Nijeriya kuwa yana nan ko ta ina aka biyo.

Abu biyu a kan manta. Kwantenar kamfanin jirgi aro ce, an karɓi jingina a kanta, sai an mai da ita Ikko, kwanakin tafiya da komowa duk ana lissafawa. Shi ya sa wasu su kan juye kaya cikin wata mota tun daga can. Na biyu, injin nan ya fi ƙarfin 'yan dako. A shirya motar ƙugiya da daɓen siminti tun tirela ba ta iso ba.

LOKACI DA WUTA

Ƙirar inji ta kan ci mako da yawa, teku ta ci nata, tasha ta ci nata, kafawa ta ci nata. Wanda ke son ya tari bazara, lalle ya fara tun ƙarshen damina. Masana'antun Sin kuma su kan rufe don bikin sabuwar shekararsu, wanda ke faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu. A kuma tuna azumi, lokacin da ƙanƙara ta fi kasuwa, yana matsowa baya da wajen kwana goma sha ɗaya kowace shekara. A 2024 ya faɗo cikin Maris da Afrilu, yana kuwa tafiya ne wajen hunturu. Kada a gina lissafi a kan cinikin azumi kaɗai. Masunta da mahauta da masu madara su ne abokan ciniki na kullum.

Babbar magana kuwa ita ce wuta. Injin bulo yana son wuta ba yankewa har ruwa ya daskare. In aka ɗauke a tsakiya, aikin ya koma baya. Don haka kuɗin janareta da man dizal, ko na faifan hasken rana, a sa shi cikin lissafi tun ranar farko. Ruwan kuma ya zama mai tsabta irin na sha, gama daskarewa ba ta kashe ƙwayoyin cuta.

To, jama'a, wannan ba kaya ne na mutum ɗaya mai ƙaramin jari ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Masunta da mahauta da masu madara na gari ɗaya in suka haɗa kai, suka sami akawu mai riƙe littafi da makaniki wanda ya san aikin sanyi, sun fi kusa da cin riba. Kafin a aika ko kobo ƙetare, a zauna a rubuta farashin inji, da kuɗin jirgi, da inshora, da kuɗin fito, da na tasha, da na mota, da na kafawa, da na wuta, a tara su wuri ɗaya. Sa'an nan a ƙidaya bulo nawa za a sayar kafin kuɗin su dawo. In lissafin ya fita, bismilla. In bai fita ba, a nemi ƙaramin inji na gida a fara da shi tukuna.